Hoton Rumbun Baffa

"Miƙo shi nan!"

"Baffa, don Allah ka tsaya in yi maka bayani..."

"Na ce miƙo shi nan, Hinda! Da shi da wayar, duka!"

Na cire igiyar aparai ɗina na ɗaukar hoto daga wuya, na haɗa da wayar na miƙa masa. Tsakar gida ta yi tsit. Inna Nafi, matar Baffa, ta tsaya da taɓarya a hannu, 'yarta Saliha ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin.

"Daga yau ƙafarki ba ta wuce zauren nan," in ji shi. "Ba rijiya, ba kasuwa, ba gona. Kin ji ni?"

"Na ji, Baffa... amma wallahi ban san me na yi ba."

Ya dube ni, idanunsa jajur.

"Ba ki sani ba? To, shi ya fi ciwo."

Ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa.

Bari in faɗa muku yadda aka yi, don ni kaina a lokacin ban gane kan zancen ba.

Ni 'yar Damagaram ce, can aka haife ni, can na yi lakwal, wato makarantar boko, har na ci jarrabawar bak ta gama sakandare a bana. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Halilu. Baffa Mamuda yayansa ne, shi ya zama ubana, shi ne kuma waliyyina. Duk vakans, wato dogon hutun damina, mamana takan turo ni ƙauyenmu da ke kusa da Kwaya, gida ya cika da dangi, 'yan Magaria da 'yan Mallawa, kowa da tabarmarsa da surutunsa.

Bana kuwa na zo da sabon ciwo. Kawuna ya ba ni aparai kyautar cin bak, tsoho ne amma lafiyarsa ƙalau, ni kuma na haukace a kansa. Ban bar komai ba! Saliha tana daka, ƙyas. Akuya ta hau katanga, ƙyas. Kaka Yalwa tana gyangyaɗi da carbi a hannu, ƙyas.

"Ke 'yar nema!" Kaka takan ce. "In na mutu kya samu abin nuna wa mutane, baki buɗe kamar kwaɗo."

Haka ma na kama Nassirou, malamin lakwal ɗin garin da yara ke kira Mushe, babur ɗinsa ya kafe a laka, ya naɗe wando har gwiwa yana turawa yana haki.

"Goge shi, Hinda!"

"Ba zan goge ba, Mushe. 'Yan ajinka zan nuna wa."

"Haba sarauniyata, mutuncina fa?"

"Yana cikin lakar, ka duba da kyau."

Shekara biyu muna son juna, ni da shi. Duk gida an sani, Baffa ma ya sani, bai taɓa ɓata rai ba. An tsayar da cewa kafin ƙarshen vakans manyansa za su zo gaisuwa.

Sai ga safiyar Talatar nan.

Baffa ya ɗaga jinkar babban rumbunsa zai gyara inda ke yoyo, aka kira shi waje, ya bar tsani a jingine. Ni kuma sarkin karambani na hau na leƙa. Wayyo, kyau! Rana ta sako haske ta cikin saƙar zanar, layi-layi, ya sauka a kan 'yan zangarkun gero da ba su fi a ɗauke da hannu biyu ba. Ban ga yunwa ba, wallahi haske na gani. Na ɗauka, na tura a waya, na ɗora a statu, inda duk mai lambata zai gani, na rubuta: "Safiya a gidan kakannina."

Ina zan san cewa rumbu maigida kaɗai ke leƙa shi? Ko Inna Nafi da ta shekara talatin a gidan ba ta taɓa ganin cikinsa ba, abin da aka auno mata shi take dakawa. Ina zan san cewa a duk ƙauyukan nan ana misali da rumbun Mamuda, wai ba a taɓa ganin ƙasansa ba?

Kafin azahar samarin da ke wurin cajin waya sun gama zagayawa da hoton. Kafin la'asar wani ƙanin kakanmu ya bugo daga Kano yana tambaya ko a aiko da taimako.

Wannan shi ne laifina. Na Nassirou kuma washegari ya zo.

Rana tsaka, mutane na dawowa daga gona, sai muka ji kukan jaki a ƙofar gida. Na leƙa ta hujin zana. Amalanke ne, da buhu biyu na hatsi a kai, ga Nassirou tsaye ya sha wanka yana murmushi, shi a dole ya zo abin arziki.

A wannan karon ko ni na gane.

"Na shiga uku... Saliha, ki ce ya koma! Ki ce ya koma!"

Ina! Baffa ya riga ya fito.

"Lafiya, Malam Nassirou?"

"Lafiya lau, Baba. Ɗan abin da ya samu ne, na ce a ƙara da shi kafin kaka..."

"A ƙara da shi."

"Ai an zama ɗaya, Baba."

Mutane sun fara tsayawa da hauyoyi a kafaɗa. Ina ganin jijiyar wuyan Baffa ta miƙe.

"Wato Tamu ya ji Mamuda na yunwa, ya turo ɗansa ya sayi 'yar ƙanina da buhu biyu?"

"Subhanallahi! Baba, babana bai ma san..."

"Rufe min baki! Ku da ke tsaye ku shaida. Wallahi tallahi, ba mai shigo min zaure da maganar auren Hinda sai rumbun can ya cika har baki da hatsin gonata! Juya jakinka!"

Na zube a gindin zanar. Kuka ma ya ƙi zuwa.

Daga ranar duniyata ta koma taku ashirin da uku, daga ɗakin Kaka zuwa zaure. Na ƙirga, don ba ni da wani aiki. Dangi suka fara janye jiki, 'yan Magaria suka ce wai yara na mura, suka tattara suka tafi tun vakans bai yi rabi ba. Waɗanda suka rage kuwa, in na shigo sai hira ta mutu.

Haushi ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Hoto ne fa! Kisan kai na yi?

Haka na faɗa wa Kaka wata rana tana tsince tafasar da za a kwaɗanta.

"Kaka, girman kai ne kawai ke damun ɗanki. In babu, a ce babu mana! Mutum ya kawo alheri a kore shi kamar ɓarawo?"

Ba ta ɗago ba.

"A Damagaram tuwon me kuke ci?"

"Na gero mana."

"Uwarki gona gare ta?"

"A'a... saye take yi."

"Saye." Kaka ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ke dai kin ci bak, amma kanki kamar kabewa. Tun ranar da aka binne Halilu, duk wata Mamuda ke ɗora buhu a motar Magaria a kai wa uwarki, ya ce kada a gaya muku. Bara damina ta yi gardama, na ce ya rage, ya ce marayun ƙaninsa ba za su san an yi fari ba. Mu muka koma tafasa, ku kuka ci tuwo."

Na ji kamar an watsa min ruwan randa.

"Kaka..."

"Ramin da kika ɗauka hoto, cikinki ne ya haƙa shi, 'yar nan."

Ranar na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babana. Kaka ta bar ni na yi mai isata, sannan ta jefo min zani ta ce in share majina, na ishe ta.

Bayan kwana biyu ta shiga ɗakin Baffa, ban san me ta ce masa ba, ta fito da aparai ɗina ta ajiye min a cinya. Waya dai ya hana.

"Ungo. Ki daina zaman nan kamar kazar da aka jiƙa."

To me zan ɗauka? Fuskokin gidan duk sun juya min baya. Sai na koma ɗaukar sama, ɗan yankin da katangarmu ta bar min. Kowace safiya, kowane yammaci. Don yanzu aurena a sama yake, in an yi ruwa gero ya yi, in ba a yi ba shi ke nan.

Sai ruwa ya ɗauke.

Daidai lokacin da gero ke fitar da kai! Kwana biyar, kwana tara, kwana goma sha shida. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watse shi. Na tara hotunan gajimare fiye da ɗari, babu ɗaya da ya zubo mana ko ɗigo. Baffa kan dawo daga gona ya zauna a zaure, abinci ma sai Kaka ta yi masa faɗa.

Ana cikin haka Saliha ta raɗa min cewa Nassirou na bayan gida, wajen turken awaki. La'asar ce, a zatona Baffa na masallaci.

Zana ce tsakaninmu. Idonsa ɗaya kawai nake gani ta huji, ya faɗa sosai.

"Hinduna..."

"Mushe, me ya kai ka? Buhu biyu, rana tsaka, a gaban jama'a?"

"Na ga hoton ne hankalina ya tashi. Na ce kina cikin gidan nan kina kwana da yunwa ina da hatsi? Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba."

"Ni da kai duk kanmu ɗaya. Mun yi lakwal mun manta gida."

Sai ya ce, "Takarda ta fito. An tura ni gabas, can wajen Diffa. Farkon Oktoba zan tafi."

Na dafe zanar.

"Ba shi ke nan ba. Babana ya yi fushi, ya ce an ci mutuncinsa a bainar jama'a. In ba a karɓi gaisuwarmu kafin in tafi ba, ya ce in cire ki a raina, shi ma ba zai sake taka ƙofar Mamuda ba."

"Wayyo Allah na..."

"Ki saurare ni, hasken idona. Akwai hanya. Na yi tambaya, an ce in waliyyi ya ƙi ba da hujja ba, ana iya kai magana gaba. Kawunki na Damagaram zai tsaya mana, mamanki ma..."

"A'a."

"Hinda!"

"Na ce a'a! Na tona masa asiri sau ɗaya, in sake kai shi gaban alƙali? Mutumin da ya ci ganye don in ci tuwo?"

"To ni fa? Ni ba ki tausayina?"

"Ina son ka, Nassirou. Allah ya sani, ina son ka har ina jin ciwo a nan. Amma da hatsinsa na yi girma. Ba zan fita ta bayan gida ba."

"In rumbun bai cika ba fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya zuro yatsunsa biyu ta hujin, na kalle su, na kasa taɓawa. Na ji takunsa yana tafiya a hankali, awaki na binsa da kuka.

Ruwa ya dawo a kwana na goma sha bakwai, amma ya makara. Geron tudu ya riga ya ƙone, na kwari ne kawai ya tsira.

Da aka fara girbi, na roƙi Baffa abu ɗaya.

"Ka bar ni in je gona. Ba yawo zan yi ba, aiki zan yi."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Hannun biro ne zai yanki gero?"

"Zai koya."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da safe na bi bayan su Saliha, bai kore ni ba.

Kai! Ashe tuwo wahala ne! Ƙaiƙayi ya cinye min wuya, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Ko zangarniyar da tsuntsu ya ci rabi ban bari ba, sai na tsince ta na cusa a dami. Saliha na yi min dariya, wai na zama fara. Ni kuwa kowace zangarniya gani nake kamar taku ɗaya ce zuwa wurin Nassirou.

Ranar da aka gama ɗaure dammuna aka kwaso su gida, Baffa ya hau tsani shi kaɗai, ana miƙa masa yana jerawa. Mu mata muna nesa. Ba wanda ya leƙa, ni dai ko da kuɗi ba zan ƙara ba. Amma ba sai an leƙa ba. Da aka miƙa damin ƙarshe, sai da ya sunkuya har ƙugu kafin ya ajiye shi.

Ko rabi bai kai ba.

Ya sauko, ya mayar da jinka, ya wuce masallaci bai kalli kowa ba.

Saura kwana biyu Nassirou ya tafi. Ni ma mamana ta aiko cewa in shirya, karatu zai fara. Na haɗa kayana ina hawaye, Kaka na zaune tana kallona, yau ko tsokana babu.

"Kaka, shi ke nan ko?"

"Ya rantse, 'yar nan. A gaban mutane ya rantse."

"Ba na jin haushinsa. Wallahi ba na ji. Zuciyata ce kawai..."

"Na sani."

Washegari da hantsi na ji ƙarar sussuka. Na fito na tarar da Inna Nafi da Saliha a kan turmi, ga dammuna uku a kwance an kunce. Na yi mamaki, don ba ranar auna hatsi ba ce. Aka sussuke, aka sheƙe, gero ya taru a kan tabarma.

Baffa ya fito da mudu a hannu da 'yan buhuna ƙanana. Ya durƙusa ya fara awo. Ya cika mudu maƙil, ya juye a buhu ɗaya.

"Wannan na gidan makaho Gajere."

Ya sake cikawa.

"Wannan na matar marigayi mai gyaran takalmi."

Na matsa kusa da Kaka.

"Me yake yi? Zakka ce? Ai abin bai kai ba..."

Kaka ta kama hannuna ta matse. Idonta ya ciko.

"Kaffara ce, sakarya. Mutum goma zai ciyar. Rantsuwarsa zai karya."

Na juya na dubi Baffa durƙushe da mudu a hannu.

Mamuda! Mutumin da ko a ciniki ba ya sauya magana! Yau zai aika gida goma da hatsi, kowa a garin ya san dalili, kowa ya san ya janye abin da ya faɗa a gaban jama'a. Kuma daga ina? Daga ɗan abin da ba zai kai su watan azumi ba.

Na ruga na faɗi a gabansa.

"Baffa, a'a! Don Allah ka bari! Na haƙura, wallahi na haƙura! Me za ku ci?"

"Matsa, za ki zubar min da hatsi."

"Baffa, ni na jawo... ni na tona maka asiri... kada ka ƙara rasa komai saboda ni!"

Ya ajiye mudun. Tun ranar Talatar nan bai kalli cikin idona ba sai yau.

"Na ga hannunki a gona," in ji shi a hankali. "Na kuma ji abin da kika gaya wa yaron nan a bayan gida. Kina tsammani zana tana rufe magana?"

Na rufe fuska.

"Fushi ne ya sa ni rantsuwa, ba ke ba. In na riƙe ki don mutane su ce Mamuda ba ya sauya magana, gobe me zan gaya wa Halilu? In ce na tsare masa 'ya a gida ina jiran ruwan sama?"

Inna Nafi ta juya baya tana share ido da bakin zani. Baffa ya waiwaye ta.

"Nafi, a aika gidan Tamu. A ce ina jiransa bayan la'asar, in kuma ƙafarsa ta yi nauyi ni zan taka in same shi. Goro kawai za su kawo. In na ga ko ƙwayar gero a hannun yaron nan, sai na karya masa ƙafa!"

Kaka ta fashe da dariya tana kuka, Saliha ta rangaɗa guɗa tun ba a ce ta yi ba.

Ni kuwa na kifa kaina a kan ƙafafunsa masu faso, ina ta kuka, na kasa cewa ko na gode. Na ji tafin hannunsa a kaina, mai kaushi.

"Tashi mana, 'yar Halilu," ya ce, muryarsa ta karye. "Tashi ki riƙe min bakin buhun nan. Saura gida takwas."

Na tashi na riƙe. Yana zubawa, ina kuka.